Kwalbar da Kawu ya binne a Segbana

Daga Tsamiya, garin bakin iyaka, zan fara. Ina bayan mashin, jaka a cinya, ɗan kabu-kabun yana kauce wa ramuka yana ba ni labarin tsadar fetur, ni kuwa babu abin da ke kaina sai wata kwalba da ban taɓa gani da idona ba.

Ga yadda kwalbar take. Innarmu 'yar Bagudo ce, busasshen kifi take kaiwa kasuwannin tsallaken iyaka tun ban san kaina ba. Kafin azumi ciwon ciki ya kayar da ita a Segbana, a gidan yayanta Kawu Manu. Aka kwashe ta zuwa wani asibitin kuɗi a Kandi, aka ce afendis ne, aka yanke. Ni ina Birnin Kebbi ina fama da tallan atamfa a waya, kirana kawai aka yi aka ce an yi, an gama, ta farka. Bayan sallah na ɗauko ta don a duba ɗinkin. Likitan ya ɗora wayarsa a kan takardar sallamar, wayar ta juya masa Faransancin, sai na ga ya daina murmushi.

"Ina sakamakon naman?"

Na ce wane nama?

Ya ce ba afendis ɗin da aka saba gani ba ne aka cire. Ƙari ne a ciki, ya kumbura ya cika da yauƙi, kuma an rubuta cewa an ba dangi shi a kwalba su kai gwaji. Na juya na kalli Inna. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Yaya ya yi mai sutura," ta ce.

Likitan ya yi mini bayani a gajarce. Irin wannan ƙarin, wani yana nan lafiya lau, an cire shi ke nan. Wani kuma ya riga ya juye ya zama kansa. Ido ba ya bambancewa, hoto ba ya bambancewa, sai an yanka naman siriri an zuba masa rini iri-iri an duba. In ya juye, dole a koma a yanke wani ɓangare na babban hanji kafin ya bazu. In bai juye ba, a ƙyale tsohuwa ta huta. Ba tare da naman ba, ko ya yanka ta a banza ko ya bar ta da abin da zai cinye ta. Ya ce inda suke aikawa rinin ya yanke musu, sai an jira, don haka in Allah ya sa na samu wani abu in wuce da shi kudu can ƙasar da aka yi aikin kawai.

Shi ya sa nake bayan mashin a Tsamiya.

A Segbana na iske Kawu a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na sha ruwa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ko ɗago ba.

"Ke ɗiyag ga, naman mutum na fa. Ba naman akuya na ba da za a riƙa yawo da shi ga mota. Abin da yaf fita jikin ɗan Adam, ƙasa aka ba."

"Kawu, ai likitan ya ce a kai gwaji."

"Ya ce. Ni kau na duba na ga uwarki ta tashi, tana cin tuwo. Gwajin mi?"

"Ina kuka binne shi?"

"Inda aka bizne mutane. Tahi ki zamna, ki ci abinci."

Wallahi ban taɓa ɗaga murya a gaban Kawu ba. Shi ya riƙe Inna da mahaifinsu ya rasu, shi ya aurar da ita, kuma na san ba da mugunta ya yi ba. Wannan ɗin ne ma ya fi ƙona mini rai. Da mugu ne da na zage shi na huta. Na yi magiya har rana ta take, yana ce mini ba a tona abin da aka rufe. Na kira Inna na ba shi, ina jin ta tana "to Yaya, to Yaya," kamar ba cikinta ake magana a kai ba.

Sai na tashi na shiga cikin gida, na ɗauki fartanya a bayan rumbu, na fito na kama hanyar maƙabarta.

Kowa ya san mace ba ta shiga can. Ni ma na sani, kuma har yau ban san ko da zan shiga ɗin ba. Amma ku hango ni, 'yar birni da takalmin roba da gilashi a ido, fartanya a kafaɗa, ina ratsa tsakiyar unguwa, masu zama a gindin bishiya suna miƙewa. Ban kai rabin hanya ba na ji takunsa a bayana.

"Kawo nan. Kin kunyata ni ga mutane."

"Kawu, gara kunya da makoki."

Ya karɓe fartanyar. Na tsaya a wajen shinge ina kallonsa daga nesa, tsoho yana tono a gefen wata geza, yana tsayawa yana share ido. Da ya fito ya miƙo mini ƙunshin farin ƙyalle duk jar ƙasa. Na buɗe, na riga na saddaƙar ruɓaɓɓe zan gani. Sai ga kwalbar roba da murfinta a rufe gam, abu yana iyo a ciki kamar ɗan tsiren hanji.

"Na so in zuba shi ga ƙyalle," in ji Kawu. "Ina buɗewa ruwan yah hau man ido awa tonka. Sai nim mai da murfin."

Fomalin ne, ruwan da ke hana nama lalacewa. Yajin da ya yi wa idon Kawu shi ya ceci kwalbar.

A Kandi na leƙa asibitin da aka yi aikin. Likitan, ta bakin wani mai fassara, ya hau ni da faɗa wai mu mutanen ƙauye ba ma jin magana. Na ce a tambaye shi, da ya miƙa wa tsohon da bai taɓa shiga aji ba kwalba a bakin ƙofar tiyata, ya tambaya ko akwai wani a dangin da za a kira? Mai fassarar ya ƙi juya wannan. Aka buga mini hatimi a takarda, na fito ina huci.

Motar Paraku irin wadda ake cusa mutum huɗu a baya ce. Kusa da ni wata dattijuwa 'yar Dandawa, da kwanon cuku mai jan baya a kan cinya. Tun da muka tashi take jan hanci. Can ta zungure ni.

"Ɗiyata, mi ke cikin jakag ga?"

Na gaji da ɓoye-ɓoye, na gaya mata. Ta ce in nuna mata. Da ta ga farin ƙyallen da ƙasa a jiki sai ta kama haɓa.

"Ke da wanga za ki wuce shinge? Da takarda ko ba takarda, wanda yag ga fari da ƙasar kabari ba shi tsayawa karatu. Cewa za su yi matsafiya ta."

Ba ta jira amsata ba. Ta warware ƙyallen ta cusa a ƙugunta, ta sa kwalbar a leda biyu, ta ɗaga cukunta ta tura ta can ƙasa. A shingen gaba masu kaki suka sauke mu, suka zazzage jakata har ɗan kamfai, ɗaya yana juya katin shaidata yana cewa Najeriya, Najeriya, kamar sunan wata cuta. Ita kuwa ta miƙa wa babbansu cuku guda tana yi masa tsiya da yarensu, yana dariya. Da muka isa ta ba ni kwalbata, ta ce ƙyallen ta riƙe za ta wanke ta tace koko da shi. Ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna har yanzu.

Paraku ita ce inda aka cuce ni, kuma da Hausa aka cuce ni. Na sauka tasha ban san gabas ba ban san yamma ba, kowa Faransanci da Barbanci, yaren mutanen yankin, sai na ji an ce "Hajiya, sannu da hanya." Na ji kamar in yi kuka. Sunansa Iliya, ya ce kakanninsa 'yan Kamba ne, ya san Dole Kaina, ya san Zagga, har ya ce yana da abokin ciniki a Bagudo. Ya ce babban asibiti layi ne sai in yi wata ban ga kowa ba, amma akwai wani lab, wato ɗakin gwaji, na kuɗi da yake kai mutanenmu. Ya ɗauki jakata da kansa.

Wurin yana da kyau, ban musa ba. Tayil, na'urar sanyi, 'yan mata da farar riga. Suka karɓi kwalbar, suka ce za su yayyanka naman su daskarar da shi a cikin kaki irin na kyandir, su fere shi su yi rinin. Na kama ɗaki a bayan tasha ina jira. Sakwara safe, sakwara rana. Na yi kewar tuwon shinkafa da miyar kifin Inna har ina jin ƙamshinta a hanci, ga kwastomomina suna ta turo saƙo ina kayansu. Iliya yana zuwa kullum, kullum da sabon abin da aka manta ba a biya ba.

Ran da sakamako ya fito shi ya karanta mini. Jerin sunayen rini ne, gaban kowanne an sa alamar babu.

"Kin gani? Babu, babu, babu. Ko ɗaya bai kama ba. Mamanki fes take."

A tsakiyar titi na kira gida. Inna ta yi ta hamdala. Aka ba Kawu, don bayan tafiyata ya zo Bagudo duba ta.

"To, 'yar boko. An tone kabari, an ga mi?"

Na ƙyale shi. Na ce a raina ya faɗi duk abin da yake so, tunda Inna lafiya. Kafin la'asar ƙanwata ta turo mini hoton masa da aka soya ana rabon sadaka a ƙofar gidanmu.

Na ɗauki hoton takardar na tura wa likitanmu na Birnin Kebbi, don ya taya ni murna kawai. Sai ga kiransa.

"Kina ina?"

"Ina shirin neman motar gida."

"Kada ki hau. Afendis hanji ne. A cikin rinin nan akwai wanda dole ya kama naman hanji, mai lafiya ne ko marar lafiya. Shi ne shaidar cewa aikin ya yi. A nan shi ma sun ce bai kama ba."

"Ma'ana?"

"Ma'ana gwajin ne bai yi ba. Wannan takardar ba ta ce mamanki lafiya ba, ba ta ce komai ba. Ki karɓo kakin, ki wuce Kwatano."

Na koma lab ɗin. Na ce su ba ni kakin naman uwata. Suka ce ba a bayarwa. Na nemi Iliya, waya a kashe. Sai na ja kujera na zauna a tsakiyar ɗakin karɓar baƙi, duk wanda ya shigo in ɗaga masa takardar in ce da Turancina da guntun Faransancin da na tsinta, sun sayar mini da babu. Ba su iya jure wannan ba. Mai wurin ya fito yana gyara wuyan riga, ya ce ai su abin da suka gani suka rubuta. Na ce to me ya hana ku rubuta cewa gwajin bai yi ba? Kun san tsohuwa za ta koma kasuwa da wannan takardar? Ya sa aka miƙo mini 'yan ƙananan kaki a ambulan, da ragowar naman a kwalbarsa, ya nuna mini ƙofa.

Iliya na hango shi a tasha da zan hau mota, yana ɗauke da jakar wani dattijo mai rawani yana ce masa Alhaji sannu da hanya. Na sauko na je har gabansu na ce Baba, riƙe jakarka. Iliya ya yi dariya ya ce wai ni ƙanwarsa ce, ba ni da lafiya. Ban san ko dattijon ya ji ni ba. Direba yana ta hon.

Ban kira gida ba. Me zan ce? Masa ta riga ta shiga cikin mutane.

Kwatano ruwa, cunkoso, 'yan mashin masu rawayar riga kamar fara. Na sauka Zongo, unguwar Hausawa, wurin wata Hajiya mai saukar da mata 'yan kasuwa. Da ta ji labarin sai ta ɗauki ambulan ɗin kakin ta sa a firjinta kusa da zoɓo don kada zafi ya narkar da shi, ta zubo mini tuwo da miyar kuka. Na ci ina hawaye, ita tana kallon talabijin kamar ba ta gani ba.

Likitar da aka tura ni wurinta mace ce, siririya, ba ta da fara'a, tana jin Turanci. Aikinta duba nama ne kawai, ba ta ganin marasa lafiya. Ta tambaye ni tun yaushe naman yake cikin fomalin. Na ce tun kafin azumi. A ina aka ajiye? Na ce a ƙarƙashin ƙasa. Ta cire tabarau ta dube ni. Na ba ta labarin Kawu, ina jira ta yi dariya in samu wanda zan sauke wa. Ba ta yi ba. Ta ce mutanensu ma suna binne irin wannan.

Ita ta fahimtar da ni abin da nake ta yawo a kansa. Kowane rini akwai abu guda da yake nema a jikin ƙwayar nama, in ya same shi ya manne, wurin ya koma ruwan ƙasa. Wani yana nuna daga wace gaɓa ƙwayar ta fito, wani yana nuna saurin hayayyafarta, wani yana bin ƙwayoyin duk inda suka ɓuya. Nama kwana ɗaya ko biyu ya kamata ya yi a fomalin. In ya daɗe, balle a ƙasa mai zafi, wuraren da rinin ke kamawa sai su toshe. Ta ce za ta dafa yankan a tukunya mai matsi ko za su buɗe, amma ba ta yi mini alkawari ba.

"Tukunya?" na ce.

"Irin ta dafa wake," ta ce. A nan ne kaɗai na ga haƙorinta.

Na yi ta zarya. A yi, bai kama ba, a sake fere wani. Inna ta kira tana tambaya me ya riƙe ni, na ce sari nake dubawa. Ta ce ta fara shirya kifi, kasuwar mako mai zuwa da ita. Na kashe wayar na zagi Iliya, na zagi mai lab, na zagi likitan Kandi, na kai kan Kawu na tsaya, sannan na zage shi shi ma a cikin zuciyata.

Ranar ƙarshe ta ce in zagayo in sa ido a madubin duba ƙananan abubuwa. Da farko ban ga komai ba sai shuɗi-shuɗi. Ta gyara. Sai ga wani layi ruwan ƙasa, a jere kamar bakin zani.

"Wannan shimfiɗar cikin afendis ce. Nan ne gidan ƙwayoyin, nan ya kamata su tsaya. Kuma tunda sun kama, rinin ya yi aiki. Yanzu duba ƙasa."

Ta matsar da gilashin. Can cikin bangon naman, inda ya kamata ya zama shuɗi zalla, ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a warwatse, uku a nan, biyar a can, kamar an watsa gero.

"Sun fasa sun shiga bango. Kansa ce. Da alama da sauran lokaci, amma a yi aikin hanjin, kada a jira."

Na tambaye ta saurin hayayyafar kansar fa? Ta ce wannan rinin ta yi ta gwadawa ya ƙi, naman ya daɗe da yawa. Ba za ta rubuta abin da ba ta gani ba. Watannin da kwalbar ta yi a ƙasa sun tafi da wannan amsar, kuma a watannin nan abin bai zauna yana jiranmu ba.

A bakin titi na kira gida, mashina suna wucewa ta gabana. Na ce a ba ni Kawu, don na san in ba shi ya ce a tafi asibiti ba Inna ba za ta taka ba. Na faɗa masa duka, ban rage ba, har da abin da ƙasa ta ci.

"Amma an yi sadaka," ya ce.

"An yi, Kawu. Allah ya karɓa. A kwance kifin nan, a kawo ta Birnin Kebbi."

Shi ya kawo ta da kansa.

Ranar aikin muna zaune a kan benci, ni da Kawu. Tun dawowata gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da aka gama, wata nas ta fito da bokitin roba mai murfi, babba wannan karon, an liƙa sunan Inna a jiki, ta ce ina dangi, wa zai kai lab? Muka miƙe tare. Na ga hannunsa ya shiga aljihun babbar riga, na ga bakin farin ƙyalle sabo fil. Ya zo da shi tun daga Segbana.

Na riƙe hannun bokitin, shi ma ya ɗora nasa.

"In sun gama dubawa," ya ce a hankali, "su ba ni abin da yar rage."

Na ce ba sa bayarwa, ajiyewa suke, ko za a sake dubawa wata rana. Bai saki ba. Muna nan a haka aka turo Inna a gado, ido rabi a buɗe, roba a hanci. Ban zaci tana ji ba. Ta dubi bokitin, ta dubi ƙyallen, ta dubi yayanta da ba ta taɓa ce wa a'a ba tun tana yarinya.

"Yaya," ta ce, muryar can ƙasa, "aje ƙyallenka. Ran da nim mutu ka haɗa mu ka rufe gaba ɗai. Yanzu sakam ma yarinya."

Ya saki. Na ɗauki bokitin da hannu biyu na bi nas ɗin, ban tsaya ko'ina ba sai da na ga an zuba ruwan fomalin, an rubuta ranar a jikin murfin.